Wasan Boca da 'Ya'yanmu da Gubar Dalma ta Bari a Ɗaka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena, da 'yan ajinmu da nake hangowa can baya suna ƙus-ƙus kamar yadda suka saba tun muna aji ɗaya, ina yi maku barka da zuwa. Sannu da hanya ta musamman ga waɗanda suka taso daga Gummi da Bukkuyum, domin kowa ya san abin da hawa hanya yake nufi a wannan ƙasa tamu a 'yan shekarun nan. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ranar da na gaya wa sakataren ƙungiya cewa a kan wasa zan yi magana, sai da ya yi dariya har ya sarƙe. Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya zauna da ni a makarantar nan ya san cewa da zarar an kaɗa ƙararrawar wasanni da yamma, ni ɗakin karatu nake sulalewa, kuma malaminmu na wasanni, ga shi nan zaune Allah Ya ƙara masa lafiya, ya sha zaƙulo ni daga bayan kantar littattafai da kunne. To, Malam, yau ga ɗalibinka ya kawo kansa fili da ƙafarsa, ko da yake ya makara da wajen shekara ashirin.

Sunan wasan da zan yi magana a kansa boca. Turawa suna rubuta shi boccia, kalma ce da ta fito daga Italiyanci. Da wuya a sami mutum biyar a ɗakin nan da suka taɓa jin sunansa, ni kaina ban taɓa ji ba sai a shekarar 2024. Amma kafin in faɗi yadda ake yin sa, ku yi mani haƙuri mu koma 2010, domin in ban faro daga can ba, za ku ce me ya haɗa mutumin Anka da wasa mai sunan Italiya.

A farkon 2010 ina aji biyu a jami'a a Sakkwato labari ya fara zuwa cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma, kafin kwana biyu ko uku an kai shi makwanci. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iska. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka kai waje aka auna, sai aka tarar gubar dalma ce. Dalilin kuwa duk mun san shi. Zinari ya yi tsada a kasuwar duniya, mutanenmu suka dukufa haƙo dutse, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmin da ake daka hatsi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi ɗan yatsan da jariri ke tsotsa.

Binciken da aka yi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. A jimlace an ƙiyasta yara aƙalla 400 suka salwanta. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi mata nata aikin, bayan an sha dogon jira kafin kuɗi su fito. Dubban yara suka sha magani, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Wannan kowa ya sani, an buga a jaridu, an faɗa a rediyo har ƙasashen waje. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne labarin waɗanda suka rayu. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, ita kuwa ba ta tsayawa sai ta kai ƙwaƙwalwa. Maganin da aka ba su aikinsa shi ne ya kama dalmar da ke yawo cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Yana ceton rai, amma ɓarnar da aka riga aka yi wa ƙwaƙwalwa ba ya mayar da ita. Saboda haka akwai yaran da suka tashi daga wannan ciwo ba gani, akwai waɗanda suka tashi ba ji, akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka daina bin umarninsu. Jariran 2010 yanzu samari ne da 'yammata. Ina suke? Malamai, ba su zo ajinku ba. Ba ma ganinsu a kasuwa, ba ma ganinsu a filin ƙwallo. Suna cikin ɗaka.

Ɗaya daga cikinsu ɗan yayata ne. An aurar da ita a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, mijinta yana cikin masu haƙo dutse, ita ce kuma mai dakawa. Ta rasa 'ya mace a wancan lokaci, namijin kuwa, yana da shekara biyu, aka kai shi cibiyar da likitoci suka buɗe a Bukkuyum yana jijjiga, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Daga baya 'yan bindiga suka tashe su, suka dawo cikin garin Gummi wajen dangi. Yaron ba ya tafiya. Hannun dama a dunƙule yake, na hagu yana rawa. Maganarsa tana da nauyi, in ba uwarsa da ƙanwarsa ba, ba kowa ke gane ta da sauri ba. Amma idonsa garau, hankalinsa kuwa ya fi na wasunmu. Ya san duk wanda uwarsa ke bi bashin ƙuli-ƙuli a unguwar, da nawa ne, da ranar da aka ci.

Zan faɗi laifina a gabanku. Shekara goma sha huɗu ina zuwa gidan nan, in leƙa ɗakinsa, in ce sannu, in ajiye masa ɗan biskit da sabuwar riga in salla ta zo, in fita. Ban taɓa zama na yi wani abu tare da shi ba. A ganina na sauke nauyi. Ashe sadaka kawai nake yi, irin wadda ake yi wa wanda ba a sa ran komai daga gare shi.

A ƙarshen watan Agusta na 2024, ina Gusau inda nake aiki, ina bin gasar Olamfik ta naƙasassu da ake yi a birnin Faris a wayata, domin in ga 'yan Nijeriya masu ɗaga nauyi. A nan zan ɗan tsaya: na san yanzu a takardun ofis "masu buƙata ta musamman" muke rubutawa, kuma yana da kyau, in kun ji na ce naƙasassu ba da raini na faɗa ba. To, cikin lalube sai na faɗa kan wani wasa da ban gane kansa ba. Fili shiru kamar ɗakin jarrabawa. Ga wani mutum a keken guragu, hannuwansa ba sa aiki, an ɗaura masa wani ɗan tsinke a goshi, a gabansa ga wani abu mai kama da indararo, ga kuma wata mata zaune ta juya wa filin baya. Yana yi mata ishara, tana gyara indararon, ta ɗan karkata shi dama, ta ɗan ɗaga. Can sai ya sa tsinken ya taɓa ƙwallo, ta gangaro, ta bi ta tsakanin wasu ƙwallaye biyu ta wata 'yar kafa da ba ta fi faɗin tafin hannu ba, ta je ta jingina da wata farar ƙwallo ta tsaya. Sai wuri ya kaure da tafi. Ni kuwa abin da na gani shi ne yadda wuyan mutumin ke karkacewa, da yadda bakinsa ke motsi. Sak ɗan yayata.

Ga yadda wasan yake. Ana yin sa a daɓe mai santsi, tsawonsa mita 12 da rabi, faɗinsa mita 6, wato kusan filin badminton. Ƙwallaye 13 ne: ja shida, shuɗi shida, fara ɗaya. Na fata ne, kowace nauyinta wajen giram 275, kewayenta wajen santimita 27, ta ɗan ɗara babban lemon zaƙi. Ba sa tsalle kamar ƙwallon ƙafa, kuma akwai masu taushi da ke tsayawa inda suka faɗi, akwai masu tauri da ake ture na abokin hamayya da su. Kowane ɗan wasa a zaune yake cikin nasa gurbin da aka shata masa a bakin fili. Mai ja ne ke fara jefa farar, sannan ya bi ta da tasa guda ɗaya, mai shuɗi ma ya jefa tasa. Daga nan duk wanda ƙwallonsa ta fi nisa da farar, shi zai ci gaba da jifa har sai ya ƙwace kusancin ko ƙwallayensa su ƙare. In an gama, alƙali ya auna. Wanda ya fi kusa shi ke da zagayen, kuma yana samun maki ɗaya a kan kowace ƙwallonsa da ta fi ta abokin hamayya mafi kusa matsowa ga farar. In mutum da mutum ne, ko biyu da biyu, zagaye huɗu ake yi. In uku da uku ne, zagaye shida. In aka ture farar ta fita fili, sai a dawo da ita kan wata alama da ke tsakiya.

Waɗanda suka taɓa zuwa Maraɗi ko Yamai sun ga dattawa da samari suna jefa ƙwallayen ƙarfe a kan turɓaya da yamma, wasan da suka gada daga Faransawa. To, danginsa ne. Amma ni na fi kwatanta shi da dara, domin ba ƙarfi ake gwadawa ba. Mai wayo yakan ajiye ƙwallonsa a gaba ya toshe hanya, ko ya bugi tasa ta baya ta tura ta gaba, ko ya ture farar kanta ya kai ta inda nasa suka taru. Yana jifa ɗaya yana lissafin uku masu zuwa.

Asali an tsara shi ne domin masu lalurar nan ta ƙwaƙwalwa da ke sa gaɓoɓi su sandare ko su riƙa rawa, wadda akan samu wajen doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani ga jariri, ko sanƙarau. Ya shiga gasar Olamfik ta naƙasassu a 1984 a birnin Niyok na Amurka, kuma yana ɗaya daga cikin wasanni biyu kacal na wannan gasa da ba su da takwara a Olamfik ta masu lafiya. Ɗayan shi ne wata ƙwallon makafi mai ƙararrawa a ciki. An kasa 'yan wasa aji huɗu bisa ga irin lalurarsu. Aji na ɗaya suna jifa da hannu ko da ƙafa, kuma an yarda wani ya riƙe masu keke ya miƙo masu ƙwallo. Aji na biyu suna jifa da hannu ba mataimaki. Aji na huɗu na waɗanda rauninsu ba daga ƙwaƙwalwa ya taso ba ne, kamar masu ciwon da ke cinye tsoka. Aji na uku kuwa, wanda ake kira BC3, shi ne na waɗanda ba sa iya riƙe ƙwallo su jefa, su ne masu indararo.

A kan wannan aji na uku nake so ku ba ni hankalinku, domin akwai wata doka a cikinsa da ta hana ni barci a daren nan. Mataimakin da ke riƙe indararo dole ne ya juya wa fili baya tun daga farkon zagaye har ƙarshensa. Ba ya waiwaye, ba ya magana, ba ya ba da shawara. In ya leƙa, hukunci ya hau kan ɗan wasansa. Abin da aka ce ya yi shi zai yi, ko da a ransa yana ganin kuskure ne. Ku duba wannan da kyau. Mutumin da tun da aka haife shi wasu ke yanke masa komai, su zaɓa masa abin da zai ci, da rigar da zai sa, da gefen da zai kwanta, yau ga shi shi ne mai umarni, mai lafiya kuma shi ne mai bi. In an ci, basirarsa ce. In an faɗi, kuskurensa ne, ba mai cewa ayya. Kuma in aka zo raba lambar yabo, har mataimakin ana rataya wa tasa.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo na nufi Gummi da niyyar gwadawa. Ƙwallayen da ake gasa da su daga waje ake sayo su, kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci irina. Sai na tuna ai mu ne masu fata. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba ta da na biyu a duniya wajen kyan fata, tun zamanin fatake ake ketare Sahara da ita. Na sami wani dattijo baduku a kasuwa, na zana masa a takarda, na ba shi awo. Ya juya takardar, ya dube ni, ya ce, "Yaro, wanga laya ce ko matashin kai?" Na ce ƙwallo ce, Baba. Ja da fara ba su ba shi wahala ba. Shuɗin ne da aka tsoma a baba ya fito kusan baƙi, muka ce ba komai, ai ana bambancewa.

Abin da za a cusa a ciki shi ya ba mu aiki. Da fari gero muka zuba, kuma abin mamaki nauyin ya zo daidai kamar don shi aka yi awon. Kwana huɗu ɓeraye suka huda guda uku. Sai na ce a zuba yashi a gauraya da ɓuntun shinkafa, tun da ba a rasa shi a Gummi. Allah Ya sa na ba wani ɗan ajinmu labari, ma'aikacin lafiya ne, yana cikin ɗakin nan amma ba zan nuna shi ba. Ya ce, "Kai, da iliminka? Yashin ina? Ka san inda aka wanke dutse da inda ba a wanke ba? Yaron da dalma ta kassara za ka miƙa wa ƙasar da ba a auna ba, ya riƙa taɓawa yana kai hannu baki?" Wallahi sai da gumi ya karyo mani. Muka zazzage, muka samo 'ya'yan roba daga masu niƙa tsofaffin robobi, aka wanke su tas, aka cusa, aka yi ɗinki biyu. Daga baya na gane ai na Turawan ma irin abin da ke cikinsu ke nan. Wanda duk zai yi irin wannan a garinsu, don Allah ya riƙe wannan: kada a sa ƙasa ko yashi a ciki, kada kuma a yi wasan a kan turɓaya. A nemi daɓen siminti, a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Indararo kuwa bututun ruwa na roba muka tsaga biyu, kafinta ya yi masa ƙafa. Da na shigo da kayan gida yayata ta ce, "Kai ɗan boko, wane sabon salo ne kuma wanga?" Na ce, Yaya, ki dai ba mu aron barandar maƙwabta da yaron. Aka ɗauko shi aka zaunar a kujera aka tokare shi da matasai. Ƙanwarsa ta riƙe bututu, na ce ta juya baya, ta ce ita ba ta yarda ba, ai so take ta gani. Shi da kansa ya daka mata tsawa, irin tasa, ta juya.

Ranar farko ba a ga komai ba sai dariya, ƙwallaye suna shiga ƙarƙashin buhuna. Rana ta biyu ya gane cewa in aka ɗora ƙwallo can sama a bututu tana nisa, in aka ɗora ta ƙasa tana tsayawa kusa. Ba wanda ya gaya masa. Rana ta huɗu na zauna a kujera kusa da shi, ina jifa da hannuna mai lafiya, da digirina da komai, ya cinye ni zagaye uku cikin huɗu. Ba sassauci na yi masa ba, ina ma a ce sassaucin ne. A zagayen ƙarshe na ajiye tawa dab da farar ina murna, sai ya sa aka karkata bututun can gefe, har na ce a raina ya rikice. Ashe tasa ta baya ya nufa, ta bugi farar ta gusa da ita cikin jajayensa. Ya dube ni, ya tattaro maganarsa da ƙyar, ya ce, "Kawu, a sake?" Uwarsa tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ciki. Kafin hutuna ya ƙare, yaran unguwa da ba su taɓa sanin sunansa ba suna layi a barandar, kowa yana jiran ya zauna a kujera ya kara da shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce boca magani ne. Yaron nan har gobe ba ya tafiya. Kuma ba kowane yaron da dalma ta taɓa ne zai iya wasan ba, wanda ya rasa gani ko wanda abin ya taɓa hankalinsa ƙwarai, nasa taimakon daban ne. Haka nan dalmar ba ta tafi ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024, dutsen kuwa shi ne dai na jiya. Duk mai ɗan'uwa a wannan sana'a ya riƙa tuna masa kada dutse ya shigo gida, a niƙa shi da ruwa can bayan gari, a yi wanka a sauya tufa kafin a ɗauki yaro. Sannan ba 'ya'yan dalma kaɗai nake nufi ba. Kowace unguwa a Anka da Gummi da Bukkuyum akwai gidan da ke da irin wannan yaro, wanda doguwar naƙuda ko sanƙarau ya bari haka, har da dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki.

Wani zai ce, a ƙasar da ake fama da abin da za a ci da inda za a kwana lafiya, wa ke ta wasa? Na yarda yunwa da tsaro su ne gaba. Amma ban ga an rufe filin ƙwallon makarantar nan saboda su ba, kuma ban ga samari sun daina langa da kokawa ba. In masu ƙafa ba su jira komai ya daidaita ba kafin su yi wasa, ban ga dalilin da za a ce marasa ƙafa su jira ba.

Kuma naƙasassun ƙasar nan sun riga sun nuna abin da za su iya. Tun 1992 Nijeriya ke zuwa gasarsu ta Olamfik. A Landan a 2012 masu lafiyarmu ko lambar tagulla ba su samo ba, naƙasassu suka dawo da lambobi 13, shida na zinari. A Faris a 2024 haka aka maimaita, masu lafiya hannu rabbana, su kuwa lambobi 7. Nan arewa ma, wani mutumin Kano, Misbahu Lawan Didi, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake yi a kan ɗan katako mai taya ana bugun ƙwallo da hannu, ga shi ta bazu jihohi har ta ƙetare iyaka. Sai dai ku lura, ɗaga nauyi da ƙwallon guragu duk na masu ƙarfin damtse ne. Wanda lalurarsa ta kama hannu da ƙafa gaba ɗaya ba shi da wuri a cikinsu. Boca ne nasa, kuma a filin boca na Faris ban ga tutar Nijeriya ba. Koriya ta Kudu kuwa tun daga 1988 har 2024 ba a yi gasar da ba ta ɗauki zinari a wannan wasa ba, sau goma a jere. Tailan ma, wadda ba ta cikin manyan ƙasashe masu arziki, tana cikin gwanayensa.

Da na dawo aiki na rubuta takarda zuwa wani ofishi da nake ganin abin ya shafa. Sau uku ina zuwa. Na farko mai gida ya tafi taro, na biyu an ce fayil yana sama, na uku aka ce in sake rubutowa domin ba a ga ta farko ba. Ban yi fushi sosai ba, domin ni ma ma'aikaci ne, kuma a kan hanyar komawa na tuna mutum nawa ni kaina na ce wa su dawo gobe. Shi ya sa na kawo maganar gida, wurin da ba a buƙatar fayil.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Wannan ɗakin taro da muke ciki, na auna shi da taku ɗazu kafin ku shigo, ya isa fili har da wurin 'yan kallo, kuma ranar Asabar a kulle yake wuni. Ina roƙon shugaban makaranta ya ba mu aronsa sau biyu a wata. Matsalarsa ɗaya, matakala uku da ke bakin ƙofa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun farkon 2024. Buhun siminti kaɗan da lebura ɗaya sun isa a yi gangare, kuma abin da muke kashewa wajen buga kalanda da lemon kwalba a taro guda ya fi haka. Ƙwallaye kuma badukun nan na Gummi ya riga ya gane kan aikin, ya ce in an ba shi mako uku zai ɗinka saiti uku, ɗaya na nan, ɗaya na Gummi, ɗaya na Bukkuyum, domin kada a ce sai an ɗora yara a mota an bi da su hanyar da mu kanmu muke tsoro. Kuɗin saitin farko ni zan biya.

Mafi wuya shi ne fito da yaran. Iyaye da yawa suna jin nauyin a ga ɗansu, wasu kuma sun gaji da masu zuwa su rubuta suna su ɗauki hoto su tafi. Wannan ba aikin baƙo ba ne, aikinmu ne, mu da aka sani aka san iyayenmu. Kowannenmu ya san gida ɗaya aƙalla. A bi ta hannun masu unguwa, a yi sallama, a zauna da uwar yaron, domin ita ce ta ɗauki wahalar shekara da shekaru, kuma ita ko ƙanwarsa ce za ta riƙe masa indararo. 'Yan'uwanmu mata na wannan ƙungiya, ku ne za ku shiga inda mu ba ma shiga, kuma kada a manta da 'yammata, domin su sun fi ɓoyuwa. A Faris ma an ware wa mata nasu gasar ta ɗaiɗaiku. Ɗaliban makarantar nan kuma su zama masu awo da rubuta maki da turo keke, su kuma zauna a kujera su kara da baƙinsu, a cinye su kamar yadda aka cinye ni. Maganar tantance aji da shiga gasar ƙasa, wannan aikin likitoci ne da hukumomin wasanni, in mun yi nisa za mu neme su.

Mai girma shugaba, ƙwallayen nan 13 suna cikin buhu a ƙarƙashin teburin nan, da bututun. Mai su ya ba ni aro da sharaɗin in mayar masa kafin Juma'a, kuma ya ƙirga su a gabana. In ka yarda, bayan sallar la'asar a ture kujerun tsakiya, a shata fili da alli, 'yan ajinmu su kama ja, malamai su kama shuɗi, kowa a zaune. Malaminmu na wasanni shi ne alƙali, na kawo masa igiyar awo.